Ga Kuɗi, Babu Kaya: Rububin Ƙananan Kyamarori Masu Tsada

A wurin walimar wani aure na dangi na lura da shi. Ɗan yayata ne, matashi mai aikin zanen gine-gine, wanda kowa a gidan ya san shi da son hoto. Ya tsuguna gaban dattawan da ke zaune kan darduma, ya miƙa waya yana ɗauka, yana dubawa yana tsaki. Da aka fara rabon abinci na ja shi gefe na ce, "Wai ina kyamarar nan da ka ishe mu da labarinta tun kafin azumi?"

Ya buɗe min wani saƙo a wayar. "Kawu, duba ka gani. Na ba da kafin alƙalami, abokina da ke karatu a Ingila ya sa sunana a layin wani kanti. Kullum maganarsu ɗaya, kaya na hanya. Ga shi har layya ta wuce, shiru kake ji." Sai ya buɗe wani shafin ya nuna min kyamarar dai, sabuwa fil a kwalinta, a hannun wani mutum da ba shi da kanti ba shi da rumfa. Ƙarin da ya ɗora a kan farashin kamfani ya isa a sayi waya mai kyau. "Wannan in na tura masa yau, gobe za ta hau jirgi. Kawu, in biya?"

Na ce kada ya biya, kuma dalilaina ne suka zama wannan maƙala. Kyamarar da yake jira ita ce Fujifilm X100VI, kuma dubban mutane ne ke cikin irin halinsa, daga Tokyo zuwa Landan zuwa New York. Abin da ke damuna ya wuce jiran. Ƙarancin kayan nan ya fara yi wa mutane zaɓi. Mutum ya daina tambayar kansa irin hoton da yake son ɗauka, ya koma neman wadda ta fi wuyar samu, yana ganin wuyar samun ita ce shaidar inganci.

1. Kasuwar da aka riga aka yi wa ta'aziyya

A shekarar 2010, bisa alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, an fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120, kuma fiye da miliyan 100 daga cikinsu ƙanana ne masu gilashi a manne, irin waɗanda alhazai kan zo da su tsaraba a shekarun. Zuwa 2023 adadin ƙananan nan bai kai miliyan 2 ba. Waya ce ta cinye kasuwar, ba ta bar ko ƙashi ba.

Kamfanoni suka riƙa kwashe tabarmarsu. A 2017 Nikon ya soke jerin ƙananan kyamarorinsa masu tsada da ya sa wa suna DL tun kafin ko ɗaya ta isa kanti, ya kuma rufe masana'antarsa ta birnin Wuxi a China. Casio ya fita daga sana'ar a 2018. Olympus, mai tarihin sama da shekara 80 a ƙera kyamara, ya sanar da sayar da sashen gaba ɗaya a 2020.

Waɗanda suka tsaya sun gane cewa ba za su iya gasar araha da waya ba, sai suka hau sama. Suka ɗauki babbar sansa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, irin wadda ake sa wa manyan kyamarorin ƙwararru, suka haɗa ta da gilashi ɗaya mai kyau wanda ba a cirewa, suka cusa a ƙaramin jiki. Haka aka samu Fujifilm X100 a 2011, Sony RX1 a 2012, Ricoh GR mai babbar sansa a 2013, da Leica Q a 2015. 'Yan tsiraru aka yi wa su: ƙwararren da ya gaji da ɗaukar jaka mai nauyi ranar hutu, da mai yawon tituna yana neman hoton rayuwar jama'a. Daidai yawan waɗannan 'yan tsirarun aka auna ma'aikata da injina.

2. Ruwa ba ya tsami banza

A ƙarshen 2022 kiɗa ya canza. X100V, wadda ta fito a Fabrairun 2020 a kan dala 1,399 tana zaune lafiya a kantuna, ta faɗa hannun matasan TikTok. Suka riƙa nuna ta rataye a wuya, da launin azurfarta da maɓallanta na juyawa irin na kyamarorin kakanni, suna nuna hotunan da ke fitowa daga cikinta ba tare da an gyara su a kwamfuta ba. Fujifilm tun asali kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto ne, an kafa shi a 1934, kuma ya zuba launukan tsofaffin fina-finansa irin su Provia da Velvia da Acros a cikin kyamarar, mutum ya zaɓi wanda yake so kafin ya danna.

Ba na cikin masu raina wannan sha'awar. Matasan nan sun tashi da waya a hannu, sun ga yadda take wanke fuska, ta haskaka inuwa, ta ƙara wa sama shuɗi, har hoton kowa ya zama iri ɗaya da na kowa. Sun nemi hoton da inuwarsa inuwa ce, da na'urar da ba ta ƙara in saƙo ya shigo. Buƙata ce ta gaskiya, kuma kyamarar ta biya ta. Sai dai buƙatar ta faɗo daidai lokacin da duniya ke fama da ƙarancin ƙananan sassan lantarki bayan annobar korona. Kantuna suka bushe, har ta hannu ta fi sabuwa tsada.

A ranar 20 ga Fabrairun 2024 Fujifilm ya sanar da X100VI a kan dala 1,599. Sansarta megafiksel 40 ce maimakon 26, an sa mata na'urar da ke rage rawar hannu, gilashin kuwa shi ne dai na X100V. Kamfanin ya mayar da haɗa ta China daga Japan domin ya samu yawa, ya kuma ce ya ninka adadin da ya fara fitarwa. Duk da haka ruwan bai kai ko idon sawu ba. Fiye da shekara guda bayan fitowarta mutane na nan a layi. Maƙwabcinsa Ricoh ma haka: a Maris na 2024 ya dakatar da karɓar odar GR III a Japan na wani lokaci, kyamarar da ta fito tun 2019, daga baya ya koma sayarwa ta hanyar ƙuri'a a shagonsa na intanet. Ka ga ƙasar kamfanin kansa, a nan aka koma jefa ƙuri'a kafin a sayar maka.

To me ya hana su buɗe sabuwar masana'anta? Na farko, kyamara irin wannan ba a buga ta kamar bulo. Daidaita gilashi da sansa aiki ne na ƙwararrun hannu, kuma horar da su na ɗaukar lokaci. Sassa da yawa daga wasu kamfanonin suke zuwa, sansa musamman, wadda Sony ke riƙe da kaso mafi girma na kasuwarta, har girgizar ƙasar Kumamoto ta Afrilun 2016 da ta taɓa masana'antarsa ta jinkirta kyamarorin kamfanoni da dama. Na biyu shi ne tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutanen da suka ga kasuwar miliyan 100 ta narke a gabansu ba za su zuba biliyoyin yen a ginin da yayin TikTok ya sa a gina ba, alhali yayi na iya wucewa kafin a gama rufin.

Akwai na uku, wanda bai kamata a rufe wa kamfanonin ba. A 2024 shugaban Fujifilm, Teiichi Goto, ya bayyana wa masu zuba jari cewa ba ya son a ƙera kaya su yi yawa har a koma karya farashi, ya kuma ambaci Leica a matsayin misalin sunan da kayansa ke riƙe darajarsu. Ban yarda da masu cewa ɓoye kaya ake yi a sito ba, domin babu ɗan kasuwar da ke son ganin kuɗi na wucewa ta ƙofarsa. Amma a bayyane yake cewa layin bai hana su barci ba. Kyamara ba ita ce babbar sana'ar Fujifilm ba a yau. Kayan asibiti da magunguna da injinan ofis sun fi kawo masa kuɗi. Layin masu jira talla ce da ba ya biyan ko sisi a kanta.

3. Masu jarka a bakin titi

Duk wanda ya taɓa ganin wahalar mai ya san yadda abin yake: gidan mai a rufe, 'yan bumburutu a ƙofarsa da jarkoki. Haka kasuwar kyamarorin nan ta zama. Akwai mutanen da ba su taɓa ɗaukar hoton kirki ba, aikinsu su sa suna a layin kantuna goma, su karɓi kaya, su juya su a eBay da ƙarin ɗaruruwan daloli. Da Fujifilm ya fitar da wata ta musamman guda 1,934 kacal domin cikarsa shekara 90, rububin ya kai inda masu saye domin sayarwa suka fi masu saye domin aiki zafin nema.

Mai biyan ƙarin nan yana ganin kansa kawai ya fitar daga wahala. A gaskiya shi ne ke ciyar da sana'ar. Duk kyamarar da aka saya da ƙari, ta tabbatar wa dillali cewa gobe ma ya koma ya tare layin, kuma mai gaskiyar da ke bayansa ya ƙara wata guda yana jira. Ban da haka, ƙarin da ka biya ba ya dawowa. Ranar da kaya suka wadata, ko sabuwa ta fito, farashin taka zai koma ƙasa da na kamfani, ƙarin ya bi ruwa.

Matsayata ke nan: ko kwabo kada a ɗora a kan farashin kamfani. Mai aikin da ba zai jira ba, kamar wanda ke da biki a gabansa, akwai wasu kyamarorin a kanti yau da za su yi masa aikin. Wanda kuma sha'awa ce, sha'awa ba ta ruɓewa don ta jira wata uku.

4. Gilashi za ka aura

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a nan. Mai saye yakan fara da tambayar megafiksel nawa ce. Hoton da aka ɗora a Instagram bai cika kai megafiksel 2 ba, WhatsApp kuwa matse shi yake yi kafin ya isa. Megafiksel 24 ta isa a buga hoton da zai cika bangon falo. Amfanin 40 ko 60 shi ne damar yanke hoto daga baya, kuma kuɗinsa shi ne memori mai cika da wuri da kwamfutar da ke nishi.

Abin da ya kamata a fara da shi shi ne gilashi, domin a irin waɗannan kyamarorin ba a canza shi. Faɗin da yake gani, da shi za ka ga duniya muddin kyamarar na hannunka. Ana auna faɗin da milimita: ƙaramar lamba, fili mai yawa.

Milimita 28 tana ɗebo fili sosai, kusan daidai da abin da babbar kyamarar waya ke gani. A cikin zaure ko ƙaramin ɗaki, inda bango ya hana ka ja da baya, ita ce ke kwashe kowa. A lungun kasuwa tana kama mai tebur da kayansa da masu wucewa. Sharaɗinta shi ne ka matso. In kana jin nauyin tsayawa taku biyu daga fuskar baƙo, hotunanka za su cika da mutane ƙanana a tsakiyar fili. In kuma ka matso da yawa, hanci ya yi girma, kunne ya ja baya, amarya ba za ta gode maka ba. Ricoh GR da Leica Q3 nan suke.

Milimita 35, ta X100VI da Sony RX1R III, tsaka-tsaki ce: mutum da wurin da yake. Tela da kekensa, malami da allunan da ke jingine bayansa. Milimita 40 zuwa 43 ta fi kusa da yadda ido ke ware abu guda ya kalla, fuska na fitowa yadda take. Don masu son wannan Ricoh ya fitar da GR IIIx a 2021, Leica kuma ya fitar da Q3 43 a Satumbar 2024. Gwajin ba ya cin ko sisi: buɗe hotunan da ka fi so a wayarka, ka duba ko yawanci yanke su kake yi domin abin ya matso. In haka ne, 28 ba taka ba ce, komai yabon da ake yi mata.

Bayan gilashi sai tambayar ina za ta zauna a jikinka. Ricoh GR IV, wadda ta fito a Satumbar 2025 a kan dala 1,499, nauyinta giram 262 ne. In ka kashe ta gilashin ya koma ciki, ta shige aljihun kaftani ba wanda ya sani. Tana da wata dabara da masu hoton titi ke ƙauna: ka saita mata nisa tun farko, misali mita biyu, in ka danna sai ta ɗauka nan take ba tare da laluben inda za ta mai da hankali ba. Shahararren mai hoton nan na Japan, Daido Moriyama, ya yi shekaru yana yawon unguwar Shinjuku da ƙananan kyamarorin Ricoh. Abin da ta rasa shi ne tagar leƙe. Da allon baya kaɗai ake saiti, kuma wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta saƙo a waya da tsakar ranar bazara ya san abin da hakan ke nufi. Batirinta ma ƙarami ne. Na GR III hoto 200 aka ƙiyasta masa.

X100VI giram 521 ce, ninki biyu, ba ta aljihu ba ce, ta rataya ce. Amma riƙe ta wani abu ne. A samanta akwai faifai mai lambobin saurin ɗauka, a wuyan gilashin akwai zobe mai ƙas-ƙas da ake buɗe ƙofar haske da shi, duk kana ganin saitinka ko da a kashe take. A gaba, daidai inda ɗan yatsa ke sauka, akwai wani ɗan marfi: ka ture shi, tagar leƙen ta sauya daga gilashi zalla, inda kake ganin duniya da idonka har da abin da ke shirin shigowa hoton, zuwa ƙaramin allo mai nuna yadda hoton zai fito. Ƙarar dannawarta ba ta fi ƙiftawa ba, ana iya ɗauka a wurin ɗaurin aure ba a juyo ba. Gilashinta na buɗewa zuwa f/2, wato yana shigar da ninki biyu na hasken da f/2.8 na Ricoh ke shigarwa, abin da ke da amfani bayan magariba. A ganina, ga mai son ya koyi hoto da hannunsa, ita ce ta fi koyarwa. Ga wanda ya san kansa da barin duk abin da bai shiga aljihu ba a gida, Ricoh ce.

Manyan gidan kuwa maganarsu gajera ce, domin masu iya sayensu kaɗan ne. Leica Q3 ta fito a Mayun 2023 a kan dala 5,995, da cikakkiyar sansa mai milimita 36 da 24, megafiksel 60, da gilashin f/1.7 wanda shi ne rabin dalilin kuɗin. Nauyinta giram 743. Sony ya bar jerin RX1 kusan shekara goma ba sabuwa, sai a Yulin 2025 ya fito da RX1R III a kan kimanin dala 5,100, megafiksel 61 a jikin da bai kai rabin kilo ba, amma babu na'urar rage rawar hannu kuma allonta ba ya lanƙwasawa. A wannan kuɗin, rashin nan biyu ba ƙaramin rashi ba ne. Fujifilm GFX100RF ta Maris 2025, dala 4,899, ta fi su duka girman sansa da megafiksel 102, sai dai gilashinta f/4 ne kuma ita ma babu mai riƙe mata hannu. Ta mai hoton gine-gine da shimfiɗar ƙasa ce da rana tsaka, ba ta ɗakin amarya da daddare ba.

Sai wata gaskiya da masu talla ba sa faɗa: duk waɗanda na lissafa ba sa janyo nesa kusa. Wanda burinsa Hawan Daushe, ya tsaya cikin jama'a ya kamo fuskar mahayi da adon dokinsa, zai koma gida da hoton ƙeyar mutane. Shi Sony RX100 VII ta 2019 ce ta dace da shi, mai zuƙowa daga milimita 24 zuwa 200, duk da ƙaramar sansarta. Leica D-Lux 8 ta 2024 na zuwa daga 24 zuwa 75. Canon G7 X Mark III, wadda ita ma yayin intanet ya ɗauke ta daga kantuna saboda yadda filasharta ke fitar da fuska, tana kaiwa 100. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

5. Abin da masu sharhin Turai ba sa aunawa

Masu gwada kyamara a Landan da Berlin ruwan sama ne damuwarsu. Mu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ke sauka a kan komai, ya shiga ta ƙasan ƙofa, ya kwanta a cikin kwano rufaffe. Kyamarar da ake cire wa gilashi, in ƙura ta hau sansarta, sai a buɗe a hura a goge, aikin minti biyar. Wadda gilashinta ke manne kuwa sai an kwance ta gaba ɗaya, kuma ba kowane mai gyara ne zai iya mayar da ita daidai ba.

A nan ne raunin Ricoh GR yake, kuma masu amfani da ita a duniya sun daɗe suna kuka da shi. Duk lokacin da ka kunna ta gilashin ya fito, ka kashe ya koma, yana jan iska ciki da waje, ga shi kuma mazauninta aljihu ne mai zare da burbushi. Wata rana za ka ɗauki hoton hasumiya, ka ga wani ɗigo mai toka-toka a sararin sama. Ka ɗauki wani, ɗigon na nan a wuri ɗaya. Tun daga GR III kamfanin ya sa mata na'urar kakkaɓe ƙura, tana taimakawa, amma jikin ba a toshe yake ba. Wanda zai saye ta a Kano ko Damagaram ya saya mata 'yar jaka mai zif tun ranar farko, ya kuma san cewa kasada ya ɗauka.

X100VI an toshe jikinta, amma bakin gilashin a buɗe yake sai ka sayi zoben haɗi da gilashin kariya mai milimita 49 ka ɗaura. Kamfanin daban yake sayar da su, kuma a ƙasarmu wajibi ne, a sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. Leica Q3 ce ta zo da shaidar kariya ta IP52 daga masana'anta, wadda ke nufin an kare ta daga ƙura da yayyafi. A wurina wannan ya fi jan tambarin da ke goshinta daraja.

6. Lissafin gida

Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa lokacin da X100VI ta fito ta haura 1,500. A wannan canjin, dala 1,599 ta kusa naira miliyan 2.4, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kyamarar ta kusa albashin shekara uku na ƙaramin ma'aikaci. Leica Q3 kuwa, a farashin fitowarta da wannan canjin, ta kai wajen miliyan 9. A Amurka ma farashin bai tsaya ba: bayan sabon harajin shigo da kaya na 2025, X100VI ta koma dala 1,799. Ban kawo wannan don in kunyata mai saye ba, kowa da abin da yake tara wa kuɗi. Na kawo ne domin wanda zai fitar da irin wannan kuɗin ya cancanci ya san abin da ke bayan kwalin.

Garantin galibin kamfanonin Japan na yankin da aka sayi kaya ne. In ɗan'uwa ya sayo maka a Dubai ko Amurka ta samu matsala, can za ta koma, da kuɗin aikawa a wuyanka. A karɓi rasiɗin kanti na asali, a adana. Wanda zai sayo daga Japan ya bincika harshen da ke cikinta: kyamarorin Sony na kasuwar cikin gida Japananci kaɗai suke yi, Fujifilm ma ya fara fitar da wasu masu Japananci da Turanci kawai, abin da zai dami ɗan Nijar ko Chadi da ya saba da Faransanci ko Larabci. Batir na biyu ba ado ba ne inda wuta ke zuwa ta tafi.

Akwai kuma hanyar da masu rububi ke tsallakewa. Fujifilm X-E5 ta 2025 na ɗauke da sansa mai megafiksel 40 irin ta X100VI da launukan fim iri ɗaya, ana haɗa ta da siririn gilashi mai ganin milimita 35, kuma gilashin na cirewa. Ka rasa tagar leƙen nan mai fuska biyu, ka samu damar goge ƙura da kanka da damar ƙara wani gilashin ranar hawan sallah. Ga mazaunin Sahel wannan musaya ce mai riba. Tsofaffin ma ba su mutu ba: X100F ta 2017 mai megafiksel 24 har yau tana fitar da hoton da ba mai bambance shi a waya, duk da cewa yayin ya ɗaga farashin na hannu su ma, sai an yi ciniki da ido biyu.

Mai sayen ta hannu kada ya biya sai ya riƙe ta. Ya haska tocila cikin gilashin ya nemi farin zare-zare irin na yanar gizo-gizo, alamar danshi ya yi mata illa a inda ta fito. Ya juya kowane faifai ya ji ko yana tsayawa a gurbinsa. Ya duba ko lambar da ke ƙasanta ta yi daidai da ta kwali. Sannan ya matse ƙofar haske zuwa f/16, ya ɗauki farin bango ko sararin sama, ya buɗe hoton a babban allo ya bi shi kusurwa-kusurwa. In akwai ƙura a sansa a nan za ta fito, kuma kuɗin kwance kyamarar a cire ta sai a zare shi daga farashin kafin a ce an saya.